Shuɗin Rubutu da Yankakken Sanadi

Shekara huɗu ke nan ina riƙe da lissafin kuɗin ƙungiyar tallafa wa marayu ta unguwarmu a Zariya. A jadawalin Excel nake yin sa: kwanan wata, abin da aka saya, kuɗin da aka kashe, sai gurbin ƙarshe inda nake saka mahaɗi. Duk rasit ɗin da aka kawo mini sai in ɗauki hotonsa in ajiye a folda, in ɗaure shi da layinsa, ta yadda da ka danna shuɗin rubutun nan mai layi a ƙarƙashi sai hoton ya buɗe. Da wannan nake samun barci, domin dukiyar maraya wuta ce a hannun wanda ba zai iya nuna inda ta shiga ba.

Ana saura mako biyu azumi, dattijon da ƙungiya ta ɗora wa binciken kuɗi ya zo gidana bayan la'asar. Ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a layin buhunan shinkafa, ya ce, "Ma'aji, buɗe mini wannan in gani." Na danna, sai wani ɗan akwati ya fito yana cewa fayil ɗin ba zai buɗu ba. Na danna na ƙasansa, haka. Na koma watan da ya gabata, haka. Ko kwabo ban taɓa ba, amma zufa ta karyo mini. Dattijon ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, ni ban ce ka ci ba. Amma ba zan sa hannu a kan abin da idona bai gani ba."

A daren nan na zauna ina bin mahaɗan ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ɗora linzamin kwamfuta a kan rubutun ba tare da ka danna ba, adireshin da ke ɓoye a ƙarƙashinsa yana bayyana, kuma da Ctrl da K za ka buɗe shi ka gyara. A nan na ga asalin ɓarnar. Jadawali ba ya riƙe hoton rasit a cikinsa, hanyar zuwa wurinsa kawai yake riƙewa. Wani lokaci cikakken adireshi yake ajiyewa, tun daga tushen ma'ajiyar kwamfuta. Wani lokaci kwatance yake yi daga inda shi kansa yake zaune, kamar a ce maka ƙofa ta uku bayan masallaci. Kwatance irin wannan yana aiki muddin kana tsaye inda mai kwatancen ya tsaya. Ni kuwa mako guda kafin nan na yi gyara: na raba foldar rasit shekara-shekara, na sauya mata suna, na mayar da jadawalin wani wuri. Garin neman gira na rasa ido.

Akwai wasu ƙananan dalilai. Hotunan da na sa alamar # a sunansu sun ƙi buɗuwa, domin Excel yana ɗaukar abin da ya biyo bayan alamar a matsayin wani gurbi a cikin fayil. Mahaɗan da ke kai mutum wani shafi a cikin jadawalin sun mutu ranar da na sauya wa shafin suna. Duk waɗannan masu sauƙi ne. Wanda ya hana ni barci guda ne: layin kuɗin makarantar wasu yara biyu. Na danna, ya buɗe lafiya lau, amma rasit ɗin barguna ya nuna mini. Ashe watanni da suka wuce na kwafo layin sama, na sauya rubutun da ido ke gani, adireshin ƙarƙashi ya zauna yadda yake. Da dattijon ya danna wannan cikin gaggawa, da ya ga takarda mai hatimi ya wuce.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a duk tsawon wannan lokaci babu mahaɗin da ya sauya kama. Mai rai da matacce launinsu ɗaya, layinsu ɗaya. Sai na tuna karatun da muka yi a zaure muna yara manya, lokacin da malaminmu yake bambance mana hadisi mai sadadden sanadi da wanda sanadinsa ya yanke. Malaman hadisi sun ba kowane irin yankewa sunansa. Idan mutum ɗaya ya faɗi a tsakiyar silsila suna ce masa munƙaɗi'i, idan biyu suka faɗi a jere mu'udali, idan daga farkonta aka zubar mu'allaƙi. Kuma ba su ce duk yankakken sanadi ƙarya ba ne. Cewa suka yi ba a kafa hukunci da shi har sai an samo hanyar da ta sadu. Matsayin dattijon nan ke nan a kaina. Yawancin rasit ɗina suna nan a kwamfuta, gaskiyata tana nan, amma hanyar da wani zai bi ya iske ta ta yanke, kuma gaskiyar da ni kaɗai na sani ba ta isa hujja ga jama'a ba.

Shi kuwa mahaɗin da ya buɗe rasit ɗin da ba nasa ba, ya tuna mini abin da malaman hadisi suke kira tadlisi, wato a gabatar da sanadi yadda zai yi kama da sadadde alhali da ɓoyayyen aibi a cikinsa. Sun fi jin tsoron wannan, kuma yanzu na san dalili. Mahaɗin da ya ƙi buɗuwa ya yi maka alheri, domin ya faɗa maka cewa da matsala. Wanda ya buɗe ya kai ka inda ba nan ba, ya ba ka natsuwar da ba ka cancanta ba.

Wani zai ce rayuwa ba ta yiwuwa in kowa sai ya binciki komai, kuma da yarda ake zaman duniya. Gaskiya ne. Ni kaina ban taɓa bin sanadin ko hadisi ɗaya da ƙafata ba, malamai na yarda da su. Amma yardar da nake yi musu tana da tushe: sun bar hanyar a buɗe ga duk mai iya bi. Imamu Buhari ya rasu a shekarar 870, kuma a cikin Sahihinsa akwai ruwayoyin da ya kawo ba tare da farkon sanadinsu ba. Fiye da shekara 500 bayansa, Ibnu Hajar, wanda ya rasu a Alƙahira a 1449, ya zauna ya bi su ya sadar da su a littafinsa Tagliƙut Ta'aliƙ. Girman Buhari bai hana a bi sawunsa ba, kuma bin sawun ƙara masa daraja ya yi. A ƙasarmu ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi yana lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu, domin na baya su san ta inda ilminsa ya biyo. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin, mutanen da suka riga suka yarda da juna.

Saboda haka na daina ɗaukar amana a matsayin tsarkin zuciya kawai. Rabinta ke nan. Ɗaya rabin shi ne ka kula da hanyar da wani zai bi ya tabbatar da kai, ko da ba ka nan, ko da ka mutu. Wannan ya shafi saƙonnin da ke yawo a wayoyinmu ɗauke da "Buhari ya ruwaito" a ƙarshensu. Wannan jimlar ita ma shuɗin rubutu ce, kuma wanda ya tura ta gaba bai duba ba, ya ara wa maganar sunansa da mutuncinsa.

Kwana uku na yi ina gyara. Na haɗa jadawalin da foldar rasit a wuri ɗaya, don in za su tashi su tashi tare. Na cire alamar # daga sunaye. Rasit uku na neme su na rasa, hoton da takardar duka. Zuciyata ta raya mini in bar su da launinsu, wa zai danna duka? Na goge mahaɗan, na rubuta "babu rasit" da baƙin rubutu, washegari na tafi kasuwa wurin mutumin da muka sayi kayan a hannunsa, ya duba littafinsa ya rubuta mini biyu. Na ukun bai same shi ba, na biya daga aljihuna.

Dattijon ya dawo ranar Alhamis, ya danna layi bayan layi har magariba ta gabato, sannan ya sa hannu. Tun daga nan, duk Juma'ar farkon wata nakan zauna in danna kowane mahaɗi, in karanta abin da ya buɗe, in gwada shi da layinsa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, kuma na ga hujja ma sai ana takawa zuwa wurinta take zama da rai.