Hannun da Ke Wanke Gawa

A fim ɗin Okuribito, wanda Yojiro Takita ya ba da umarni a 2008, Daigo Kobayashi mai goge ne a wata ƙungiyar makaɗa ta Tokyo. Da ƙungiyar ta watse, sai ya sayar da gogensa, ya ɗauki matarsa Mika suka koma garinsu a lardin Yamagata. Can ya ga tallar aiki a jarida, ya zaci kamfanin tafiye-tafiye ne. Ashe tafiyar da ba a dawowa ake nufi: shirya gawa a gaban dangi, a goge ta, a sa mata sutura, a yi mata kwalliya kafin a sa ta akwati.

Daigo ya ɓoye wa Mika. A tsohuwar al'adar Japan mutuwa ƙazanta ce, abin da suke kira kegare, kuma wanda ya taɓa gawa yakan kwaso wannan tabo. Ranar da Mika ta gano, ta hana shi taɓa ta, ta tattara ta tafi gidansu. Abokinsa na yarinta, Yamashita, ya ce ya nemi aikin kirki.

Abin da ya tsaya mini ke nan. Mutanen nan duk suna son a yi wa mamacinsu sutura mai kyau, hannun da zai yi ta ne ba sa so a gidansu. Mu da muke ɗaukar wankan gawa ibada za mu iya yi musu dariya, amma a tambayi mai kwasar shara ko mai yasar masai yadda ake gaishe shi.

Fim ɗin ya ci lambar Oscar a 2009, kuma ya cancanta. Sai dai ina ganin ya yi wa masu ƙyamar sassauci. Yamashita bai sauko ba sai da mahaifiyarsa, mai gidan wankan unguwa, ta rasu, ya ga yadda Daigo ya lallaɓa ta. Girmamawar da sai mutuwa ta shigo ɗakinka take zuwa, girmamawa ce ko bukata?

Shi Daigo bai jira su ba. Tun kafin kowa ya yarda da shi ya ƙi barin aikin, har Mika ta gaji ta dawo da kanta. Daga ƙarshe gawar ubansa ya shirya, uban da ya gudu ya bar shi yana ɗan shekara 6, wanda ko fuskarsa ba ya tunawa. Da ya buɗe tafin hannun tsohon, sai ga ɗan dutsen da ya ba shi a bakin kogi yana yaro.