Hawayen Uwa a Gaban Kyamara: Taimako ne ko Tonon Silili?

A Disambar 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara ta jihar Katsina, maƙwabtanmu. Duk mun ga iyayensu mata a talabijin suna kuka a ƙofar makarantar, wasu mayafi ya zame ba su ma sani ba. Shin ya dace a ɗauki uwa cikin wannan hali a nuna wa duniya?

Wata za ta ce tonon silili ne, kuma addini ya hore mu da suturta juna. Gaskiya ne. Amma fa shiru ma yana da illa, don wanda aka daina ambato, an daina nemansa. Fim ɗin da Joel Kachi Benson ya fitar a 2019 kan wata uwa a Chibok ya tuna wa duniya cewa bayan shekara biyar tana nan tana jiran 'yarta.

A ganina, hawayen uwa amana ne. An nemi izininta? An gaya mata inda hoton zai je? Abin da ta faɗa ba zai jawo a cutar da ɗanta ko a ƙara kuɗin fansa ba? 'Yan siyasa ba za su mai da kukanta makamin kamfe ba?

Ke ma da waya a hannu, daga Kazaure har Gwiwa, amanar ta hau kanki. Kafin ki tura bidiyon nan, tambayi kanki: da ni ce, zan yarda?

Allah ya kuɓutar da waɗanda ke tsare, amin.