Wa Zai Kwana a Bakin Kogi?

A tsakiyar babban birnin Sudan, inda Shuɗin Nilu mai gangarowa daga duwatsun Habasha yake haɗuwa da Farin Nilu, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Tuti. Hartum tana kudu da shi, Umdurman kuwa tana yamma. Mutanen kabilar Mahas sun zauna a can tun wajen shekara 500 da suka wuce, suna noman lemo da kayan lambu, suna kai wa kasuwannin birni. Kafin a buɗe gada a shekara ta 2009, sai da jirgin ruwa ake shiga tsibirin.

Labarin Tuti yana ta da wata tambaya mai wuya. Daidai ne a ce wa mutumin da yake fama da yunwar yau ya yi tunanin jikokinsa? Masana suna maganar ci gaba mai ɗorewa, watau a ci amfanin ƙasa ba tare da an lalata rabon na baya ba. Maganar tana da daɗin faɗi ga wanda ya ƙoshi. Amma yaya take ga wanda tukunyarsa ta kwana ba wuta?

Kowace damina kogi yakan cika, ya yi ta cin bakin tsibirin. A babbar ambaliyar shekara ta 1946 mutanen Tuti suka ƙi barin garinsu. Suka raba bakin kogi kashi kashi, kowane kashi da rumfar tsaro da mutanen da za su kwana a cikinta. In ruwa ya fasa wani wuri sai a buga ganga, samari su sheƙo da buhunan ƙasa su toshe, mata kuwa su dafa wa masu tsaro abinci. Sunan wannan tsari a bakinsu taya. Kunnen Bahaushe zai ji shi kamar kalmarsa ta taya aiki, ko da yake asalinsu ba ɗaya ba ne. Ainihinsa dai gayya ce. A shekara ta 1988 ambaliya ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu a Hartum da kewaye, amma mutanen Tuti suka tsare garinsu ta wannan hanya.

Sa'an nan arzikin ƙasa ya karye. A shekara ta 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle, ta tafi da wajen kashi uku cikin huɗu na man fetur. Kuɗin ƙasar ya yi ta faɗuwa. A watan Disamba na 2018 tsadar burodi ta fitar da mutane kan titi a garin Atbara, zanga-zanga ta bazu, har aka tuɓe Shugaba Umar al-Bashir a watan Afrilu na 2019. A cikin wannan hali ne ruwan Nilu ya haura mita 17 da rabi a Hartum a shekara ta 2020, tsayin da ba a taɓa aunawa ba. Fiye da mutum 100 suka mutu a ƙasar, gidaje fiye da 100,000 suka lalace. Baitulmali ba kome. Ruwa ya shiga gonaki da waɗansu gidaje a Tuti, duk da haka masu tsaro suka koma rumfunansu kamar yadda kakanninsu suka yi.

A nan ne tambayar take ciwo. A bakin Nilu akwai masu yin jan bulo, waɗanda suke ɗibar laka daga gaɓar kogi, su gasa ta da itace da kashin shanu. Wanda ya haƙa gaɓa ya kuma sare itacen da saiwarsa take riƙe ƙasa, ya ciyar da iyalinsa yau, amma ya rage kaurin bangon da yake tsare garin duka. Wani zai ce ba shi da laifi, gama yunwa ba ta san gobe ba. Akwai gaskiya a cikin wannan. Wanda ya tsawata wa mai yunwa alhali bai ba shi loma ba, ya ɗora masa kayan da shi kansa bai taɓa da yatsa ba.

Amma talauci ba ya soke hakkin na baya. Jaririn da za a haifa bayan shekara 30 ba shi da baki a taron yau, shi ne kuwa zai kwana a gidan da ruwa zai fara ci. Abin da taya ta koyar shi ne, ba a ɗora wannan hakki a kan mutum ɗaya. Mai gida a tsakiyar tsibiri, wanda ruwa ba zai kai gare shi da wuri ba, shi ma yakan aiko da ɗansa da buhunsa da abincinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka amsar ita ce, daidai ne a roƙi matalauci ya tuna da gobe, muddin masu roƙon sun ɗauki rabonsu na yunwarsa ta yau.

Akwai kuma masu cewa gayya irin wannan tana sauke wa hukuma nauyinta. Lalle buhun ƙasa ba zai maye gurbin zaman lafiya da mulkin adalci ba, Tuti kanta ta shaida haka. A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da rundunar RSF. Mayaƙan RSF suka riƙe bakin gadar, tsibirin ya zama kamar kurkuku, abinci da magani suka yanke. Kafin ƙarshen 2024 yawancin mazauna sun fice. Sojoji sun karɓe Hartum a watan Maris na 2025, waɗansu iyalai kuma suka fara komowa. Abin da kogi ya kasa yi cikin shekara ɗaruruwa, bindiga ta yi shi cikin watanni. Ƙarfin Tuti ba a cikin buhuna yake ba, yana cikin mutanen da suka san juna, suka san inda ruwa yakan fasa. In aka warwatsa su, an rushe bangon ke nan.

Wannan ba labarin nesa ba ne ga mai karatu. Mutanen Numan da Makurɗi sun ga abin da Binuwai ta yi a 2012 da 2022. Mutanen Maiduguri sun ga fashewar madatsar Alau a watan Satumba na 2024. Damina tana sauya hali, tsadar abinci kuma ta matsa wa kowa. Gari ko unguwar da take jiran ranar ambaliya kafin ta san maƙwabcinta ta makara. Tun da rani ya kamata dattawa su zauna, ba tare da duban kabila ko addini ba, su raba bakin kogi, su yashe magudana, su dasa itatuwa, su kuma amince a kan wanda zai ciyar da iyalin mai tsaro a daren da ya bar gidansa domin na kowa.