Kai Yaro Kallon Ƙwallon Dare Alhali Gobe Akwai Makaranta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wani magidanci ya tsai da ni a ƙofar masallaci bayan an sauko daga sallar Juma'a, ya ce yana da tambaya, amma yana jin nauyin yin ta a bainar jama'a don kada a ce ya kawo wasa cikin sha'anin addini. Ya ce shi mai jiran shago ne a Kantin Kwari, yana fita tun yara ba su gama shirin makaranta ba, ba ya dawowa sai bayan magariba. Yana da ɗa mai shekara goma wanda ba abin da yake ƙauna kamar ƙwallon ƙafa. To, daren Talata da na Laraba, idan ana gasar zakarun Turai, sai ya riƙe hannun yaron su tafi gidan kallo na unguwarsu, su zauna benci ɗaya har a tashi. Uwar yaron ta ce wannan cutarwa ce, domin ita ce ke fama da tashinsa da asuba, kuma malaminsa ya aiko cewa yana gyangyaɗi a aji. Shi kuwa uban ya ce da ni, "Malam, in ban da wannan sa'a biyun, yaushe nake ganin ɗana? In kuma ban kai shi ba, wata rana zai sulale ya tafi shi kaɗai. Shin ina da laifi a wurin Allah?"

Na ce da shi tambayarsa ba wasa ba ce, na kuma yi masa alkawarin amsa ta a wannan fili, gama na san ba shi kaɗai ke da ita ba.

Mu fara da ba shi gaskiyarsa, domin yana da ita. Musulunci bai yi gaba da wasa ba. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim cewa wasu Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, shi kuwa ya tsaya ya kare Nana A'isha tana kallo ta bayansa, bai ce da ita ya isa ba sai da ita da kanta ta ƙoshi. Ka lura, ya ɗan'uwa, shugaban halitta ne tsaye yana jiran wani nasa ya gama kallon wasa. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa ya yi tsere da ita har sau biyu. Sa'ad da Hanzala ya zo yana kuka da kansa, yana tsoron munafunci saboda in ya koma gida sai ya shagala da mata da 'ya'ya, Annabi ya kwantar masa da hankali, ya nuna masa kowane abu da sa'arsa. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi gargaɗi cikin Ihya'u cewa a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe zuciyarsa, ya dakushe basirarsa, har ya shiga neman dabarar gudu daga karatun ɗungum. Saboda haka duk wanda ya ce kallon ƙwallo haram ne a kan kansa, shi ke da nauyin kawo dalili.

Har ila yau, uban da ya riƙe hannun ɗansa ya fi uban da bai san inda ɗansa yake ba. Mu nawa ne muke zaune a majalisa har sha biyun dare muna tsegumin siyasa, alhali 'ya'yanmu suna wani lungu da ba mu sani ba? Irin wannan uban ba shi da bakin da zai zargi mai tambayarmu.

Amma abin da yake halal a kan kansa yana iya zama abin zargi saboda lokacinsa, ko wurinsa, ko kuwa haƙƙin da ya danne. A nan ne maganar take da tsawo.

Mu yi lissafin agogo. Manyan wasannin gasar zakarun Turai ana fara su da ƙarfe 9 na dare agogonmu daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, in kuwa Turawa sun matsar da agogonsu sai ya koma ƙarfe 8. Minti 90 na wasa, da hutun rabin lokaci, da ƙarin da alƙali yake yi, sun cinye kusan sa'a biyu. Watau ana tashi wajen ƙarfe 11. Kafin a gama musun ƙofar gida, a tako, yaro ya kwanta, jininsa ya sauka daga ihun da ya sha, sha biyu ta gabato. Alfijir kuwa a Kano cikin watannin sanyi yana ketowa ne wajen biyar da rabi. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a shekarar 2016 cewa yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin sa'a 9 zuwa 12 a kowace rana. Yaron mai tambayarmu bai sami shida cikakku ba. Kuma tun daga kakar 2024 an faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 36, kowace tana buga wasa takwas a zagayen farko kaɗai, ga na daren Alhamis, ga na ƙarshen mako. Wanda ya ce zai bi su duka, to ya sallama daren ɗansa daga Satumba har Mayu, watau kusan dukan shekarar karatu.

To, da asuba uban nan yana tsakanin abu biyu, kuma kowannensu da ɗaci. Ko dai ya tashe shi salla bayan barcin da bai kai ya kawo ba, ya tura shi makaranta da jajayen idanu, ko kuwa tausayi ya kama shi ya ce a ƙyale shi ya ƙara rintsawa har rana ta fito. Alhali hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya umurce mu da mu hori yara da salla tun suna shekara bakwai, mu tsananta a kanta in sun kai goma. Yaya za ka tsananta wa yaro a kan sallar da kai ne ka sa ta yi masa wuya? A ganina wannan ce babbar asara, ta fi ta gyangyaɗi a aji. Yaro ba ya karanta abin da ubansa ke faɗa kamar yadda yake karanta abin da ubansa ke yi. In ya ga ana tashi tun da sauran lokaci don kada a rasa benci a gidan kallo, sa'an nan ya ga ana sassauci ga sallar asuba, ya riga ya gane wanne ne babba a gidansu, ko da ba a taɓa furta masa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Allah Maɗaukakin Sarki ya ambata cikin Suratun Naba'i cewa Shi ne Ya sanya barci hutu, dare sutura, rana kuwa lokacin neman abinci, kuma Ya lissafa waɗannan cikin ni'imominSa. Abu Barzata ya ruwaito cewa Annabi ya kasance yana ƙin barci kafin lisha da hira bayanta, malamai kuma suka bayyana hikimar da cewa hirar takan kai mutum ga makara da asuba. Na san wani zai ce, ai Imam Buhari da kansa ya ƙulla babi a kan hirar dare saboda ilmi, da kuma hira da iyali da baƙo, ashe zama da ɗa ba hira da iyali ba ne? Tambaya ce mai kyau. Amma ina roƙon mai tambayarmu ya ƙirga kalmomin da yake yi da ɗansa cikin wannan sa'a biyu. Janareta na ruri, mutum ɗari na ihu, idon kowa na kan akwati. Kusa da juna dai suna kusa, amma hira kaɗan ce. Tafiyar da suke yi a ƙafa zuwa can da dawowa, ita ce hirar, ita kuwa ana iya samunta a hanyar masallaci ko ta kasuwa.

Sa'an nan ga wurin kansa. Ban ce duk gidajen kallo ɗaya ba ne, akwai masu kashe akwati in an kira salla, Allah Ya saka musu da alheri. Amma ɗaki ne na manya. A can yaro zai ji ashar daga bakin sa'an ubansa, ya shaƙi hayaƙin taba, ya ga tallar giya a gefen fili, domin kamfanin giya yana cikin manyan masu ɗaukar nauyin gasar shekara da shekaru. Mafi muni ita ce caca. Rabin masu ihun nan ba ƙungiya suke yi wa ba, takardar da ke aljihunsu suke yi wa. Abin ya kai har Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo a shekarar 2024. Allah kuwa ya gama caca da giya cikin aya guda a Suratul Ma'ida, Ya nuna suna haifar da gaba da ƙiyayya, suna kange mutum daga ambatonSa da salla. Ɗan shekara goma da ya saba ganin ana biyan wanda ya canka daidai, kafin ya kai sha biyar ya san inda zai kai kuɗin tararsa. Ba zan tsawaita a kan haɗarin rai ba, ko da yake ba mu manta da bam ɗin da ya tashi a gidan kallo a Damaturu cikin Yunin 2014 ana wasan Burazil da Meziko ba, ko wayar lantarkin da ta faɗo kan masu kallo a Kalaba cikin Afrilun 2017. Ajali yana samun mutum ko a kan gadonsa. Sai dai wanda aka ba kiwo ba ya kai garke inda ya san ba shinge.

Kalmar kiwo ɗin nan ita ce tushen al'amarin. Hadisin Ibn Umar ya nuna kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Baligi in ya raba dare yana kallo, ya wayi gari da ciwon kai, kansa ya cuta, shi ya zaɓa. Yaro kuwa bai san abin da yake sayarwa ba. In ka tambaye shi zai ce a tafi, kamar yadda zai ce a ba shi alewa maimakon tuwo. Barcinsa da basirarsa da haddar da zai bayar gobe da yamma a Islamiyya amana ce a hannunka, ba dukiyarka ba ce da za ka yi kyauta da ita, ko da shi kake yi wa kyautar. Akwai kuma haƙƙin malamin da zai tsaya gaban allo yana yi wa mai barci bayani, da haƙƙin uwar da aka bar wa wahalar asuba ba tare da an yi shawara da ita ba. Ina kuma so kowane uba ya yi wa kansa wata tambaya tsakaninsa da Allah: da a ce yaron ya ce yau ba ya so, shin kai za ka zauna gida? In amsar ita ce a'a, to kai ne mai zuwa kallo, yaro ɗan rakiya ne, kuma hujja ce da ake rufe bakin uwar gida da ita.

Ban ce ba a taɓa ɗaga ƙafa ba. Ranar Lahadi 11 ga Fabrairun 2024 Nijeriya ta buga wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kwaddebuwa a Abijan, da ƙarfe 9 na dare agogonmu, washegari kuwa Litinin. An ci mu biyu da ɗaya. Uban da ya bar ɗansa ya yi barcin rana, suka sallaci lisha cikin jam'i, suka kalli wannan wasa tare, ya kuma tashe shi da asuba, ba ni da abin da zan ce da shi. Irin wannan dare sau ɗaya yake zuwa cikin shekaru, kuma yaro zai tuna da shi har tsufansa. Abin da nake ƙi shi ne mai da shi al'ada ta kowane mako, har malami ya riƙa gane ranar da aka yi wasa daga fuskokin ɗalibansa.

Saura batun cewa in ba a kai shi ba zai tafi shi kaɗai. Ga ɗan shekara goma wannan ba hujja ba ce, domin ƙofar gida tana hannun uba. Amma ga matashi ɗan sha shida wanda ya fara fin ƙarfin kulle, malamai suna da ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cutarwa biyu. In ka tabbata zai je ko ka yarda ko ba ka yarda ba, to zuwansa tare da kai, da sharaɗin salla a kan lokaci da dawowa da an busa tashi, ya fi zuwansa da abokan da ba ka sani ba. Wannan lalura ce, ana kuma auna ta gwargwadonta.

Ga mai tambayarmu kuwa, amsata ita ce niyyarka kyakkyawa ce, amma uwar yaron ta fi ka gaskiya, kuma ina jin tsoron ka shiga laifi in ka ci gaba bayan ka ga sallarsa da karatunsa suna raguwa. Wasannin Ingila na Asabar da Lahadi galibinsu da rana ko da yamma ake yin su. Kano Pillars, wadda ta ci gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, wadda kuma Ahmed Musa ya buga wa, irin wasanninta na gida da la'asar ake yi, ka sallaci la'asar ka kai shi ya ga ƙwallo da idonsa. In kana da hali ka saya masa tasa ƙwallon, ka tsaya bakin fili ka kalle shi yana bugawa ko da rabin sa'a ne. Daren Talata kuwa, in ba za ka iya haƙura ba, ka bari ya kwanta tukuna, da safe bayan kun dawo daga masallaci ka ba shi labarin wanda ya ci.

Allah ne Mafi sani. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.