Idan Magini Ya Rasa Magaji, Laifin Wa?

Kwanakin baya na raka wasu 'yan fim neman lokeshin a ƙauyukan da ke tsakanin Tambuwal da Kebbe. Darakta yana son gidan ƙasa, saboda akwai matalauci a labarinsa. A hanya muka tarar da wani dattijon magini yana jera duwatsun marmara a bakin kwazazzabon da ke neman cinye masa gona. Ba siminti, ba laka. Sai ya ɗauki dutse ya jujjuya shi har ya samo masa mazauni, sannan ya cusa ƙanana a tsakani. Ruwa zai wuce ta kafofin, ƙasa kuma ta tsaya.

Na ce, "Baba, sannu da aiki. Ina yaran da ke koyo?"

Ya yi murmushi ya ce, "Yaro, wa ka son wanga aiki? Wanda nika sa rai ya gaje ni yana Sakkwato, shina kabu-kabu."

Da farko haushin ɗan nasa na ji. Daga baya na tambayi kaina: wai shin adalci ne mu buƙaci wani ya zauna cikin talauci don ya adana mana tarihi?

Tarihin kuwa ba ƙarami ba ne. Arewa da mu, a nan Jihar Sakkwato, akwai kufan Surame, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya kewaye da ganuwar dutse a ƙarni na 16. An bar garin wajejen 1700, aka koma Birnin Kebbi, amma har yau akwai sauran ganuwar. Gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964. A Sukur ta Jihar Adamawa ma, jeren dutse ba siminti na cikin abin da ya sa Hukumar UNESCO ta karɓi wurin a 1999. A 2018 kuma hukumar ta amince da wannan sana'a ita kanta a matsayin gadon duniya, bisa buƙatar ƙasashen Turai takwas, ciki har da Faransa da Italiya. Ka ga ke nan su ma sun gane cewa katanga ba ta gyara kanta. Hannun da ya iya ake fara adanawa.

To, mu fa? Mai karatu, tuna finafinanmu da littattafanmu na soyayya. Jarumi yana zaune a gidan bulo mai tayil, gidan ƙasa kuwa na boka ne, ko matalauci, ko baƙauyen da ake wa dariya. Shekara da shekaru muna koya wa yara cewa aikin ubansu abin kunya ne, sannan mu dawo muna kukan al'ada ta mutu. Alhali Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, magini ne. Falke Barmu na garin Yama a Nijar, wanda masallacinsa na ƙasa ya ci kyautar Aga Khan a 1986, shi ma magini ne.

A ganina ɗan dattijon nan bai ci amanar kowa ba, abinci ya tafi nema. Wanda ke son gadon ya ɗore, shi ne biyan kuɗinsa ya hau kansa. Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe za su iya ba irin waɗannan dattawa aikin tare zaizayar ƙasa, da sharaɗin kowa ya riƙe yaro biyu ko uku, a riƙa biyansu alawus. Makarantunmu na koyon sana'a su gayyaci gwanayen su koyar. Mu kuma masu alƙalami da kyamara mu daina mai da su abin dariya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi kuwa malamin shekarunsa sun ja. Ranar nan darakta ya samu gidan ƙasarsa, muka yi gaba, ba wanda ya ko juya kyamara wajen dattijon. Har da ni. Allah Ya sa mu gyara.