Mota Ta Ƙi Tashi: Ƙaddara ko Sakaci?

A hanyar Yawuri zuwa Koko, wadda ta ratsa ƙasar Shanga, ba abin mamaki ba ne a ga tsohuwar Peugeot 504 ta mace da lodin albasa. Direba ya murza makulli, shiru. Fasinjoji su ce haka Allah Ya so. Gaskiya suka faɗa, amma shin maganar ta ƙare ke nan?

Bakanike dai ba ya tsayawa a nan. Zai fara da kan batir, ya kankare farin garin da ya taru, ya ɗaure. Idan kik yana juyawa amma injin bai kama ba, sai ya zare wayar fulogi, ya kusantar da ita jikin ƙarfe, a sake murzawa. Tartsatsi shuɗi ya fito, wuta lafiya, sai a koma kan mai da kafireto. Bai fito ba, laifin kwayil ne ko kwantak. Da bisimilla yake farawa, kuma ba ya ganin binciken ya taɓa imaninsa.

Malamai suna tare da shi. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi, sannan ya dogara ga Allah.

A tafkin Kainji abin ya fi tsanani, domin jirgin ruwa idan ya mace ba a tura shi kamar mota. Hatsarin Wara na Mayun 2021, a ƙaramar hukumar Ngaski, ya ci rayuka masu yawa, kuma hukumomi sun ɗora laifin kan lodin da ya wuce kima.