Laifin Wane Ne?

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Kara a birnin Sakkwato ya ga jajayen awakin nan da ƙasarmu ta yi suna da su. Tun zamanin ayari fatarsu ta ke ƙetare hamada, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, gama daga can ta ke isa hannunsu. Makiyayi ya kan haɗa jan bunsuru da jar akuya, duk da haka wani lokaci ɗan ya fito da launin da ba a zata ba. Ba mu taɓa jin ya ɗauki sanda ya bugi akuyar ba. Ya san ba ita ta zaɓa ba.

To, a gidajenmu fa? Mace ta haifi 'ya'ya mata huɗu a jere, dangin miji su fara gunaguni. Wata ta haifi yaro mai amosanin jini, wanda a ke kira sikila, sai a ce daga gidansu ta kawo shi. Tambayar da mu ke so mu auna a wannan wata ke nan: ko mutum yana da laifi a kan abin da ya gadar wa ɗansa a jini?

Bari mu fara duba yadda gadon nan ya ke tafiya. An gina jikin mutum da ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Cikin kusan kowace ɗaya akwai zare 46, a jere biyu biyu, watau tagwaye 23. A kowane biyu, ɗaya daga uba ya zo, ɗaya daga uwa. A kan zaren nan ƙwayoyin gado su ke, kamar duwatsun wuya a igiyarsu. Sa'an da jiki ya ke shirya irin haihuwa, zare ɗaya kaɗai ya kan ɗauka daga kowane biyu. Wannan zaɓi kaɗai yana da hanyoyi 8,388,608. Kafin a raba su kuwa, zaren uba da na uwa su kan kwanta gefe da gefe, su tsinke a wuri ɗaya, su yi musayar guntaye, kāna su sāke ƙulluwa. Saboda haka zaren da ka ba ɗanka sabon haɗi ne na kakansa da kakarsa, wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Shi ya sa 'yan ciki ɗaya su kan bambanta, har mu ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

A shekarar 1931 waɗansu mata biyu masu bincike a Amurka, Barbara McClintock da Harriet Creighton, suka tabbatar da musayar nan a cikin masara. A 2010 kuma masana suka gane cewa wata ƙwayar gado, mai suna PRDM9, ita ke nuna wuraren da zaren ya fi tsinkewa a jikin mutum. Ƙwayar nan tana cikin masu saurin sākewa daga zuriya zuwa zuriya, kuma mutanen Afirka ta Yamma suna da ire-irenta fiye da Turawa. Abin lura a nan shi ne, dukan aikin nan a ɓoye ya ke faruwa. Ba uban da ya taɓa sa hannu a ciki, ba uwar da aka yi shawara da ita.

Yanzu mu koma ga matar da ta haifi 'ya'ya mata. Cikin tagwayen nan 23 akwai biyun da su ke yanke ko namiji ko mace. Uwa zare iri ɗaya ta ke da shi, wanda a ke kira X. Uba ne ke da X da Y. In ya ba da X, mace za a haifa; in ya ba da Y, namiji. A 1990 aka gano ƙwayar da ke kan Y wadda ta ke soma aikin namiji, aka sa mata suna SRY. Ashe in da laifi, ƙofar miji zai fara ƙwanƙwasa. Amma shi ma ba shi da laifi, gama bai zaɓa ba. 'Ya mace kuwa ba hasara ba ce da za a nemi wanda ya jawo ta.

Hakanan maganar sikila. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S daga uba, ya karɓi S daga uwa. Gida biyu ne suka haɗu suka kawo shi. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, lafiyarsa lau. A 1954 wani likita, Anthony Allison, ya nuna dalilin yawan abin a Afirka: mai AS ya fi jure wa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Watau abin da waɗansu ke kira la'ana shi ne garkuwar da ta tsare kakanni da yawa suna yara, a ƙasar sauro irin fadamun Rima. Mu tuna da almajiran nan cikin Bisharar Yohanna sura 9, da suka ga wanda aka haifa makaho suka nemi wanda za su ɗora wa zunubi, shi ko iyayensa. Ubangiji bai ɗora wa kowa ba.

Wani zai ce, “In haka ne, ai ba ruwanmu, kome ya zo ya zo.” A'a, ɗan'uwa. Kakanninmu ba su da hanyar sani, mu kuwa muna da ita. Yau ana gwada jini a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran asibitocin birnin nan. Jihar Kano ma ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kada kuwa a ce an haifi ɗaya mai ciwo, uku na gaba sun tsira; kowane ciki da nasa lissafi. Manomin da ya zaɓi irin gero mai kyau kafin damina, ba wanda ya ke ce masa ya rasa dogara ga Allah.

Ga inda laifi ya ke somawa. Saurayin da ya san jininsa ya ɓoye wa yarinya, ya yi laifi. Iyayen da suka nemo takardar ƙarya don kada aure ya fasa, sun yi laifi. Mijin da ya bar mata ita kaɗai da kwanan asibiti yana cewa ciwon gidansu ne, ya ƙara zalunci a kan jahilci.

Ba mu ce abin yana da sauƙi ba. Mu kaɗan ne a Sakkwato, samun miji ko mata a cikin ekklesiya ba kullum ya ke da sauƙi ba, rabuwa da wanda a ke ƙauna kuwa akwai ciwo. Domin wannan ya kamata samari da 'yan mata su san jininsu tun kafin a kai gaisuwar iyaye, ba sai an sa rana ba. Waɗanda suka riga suka yi aure kuwa, su riƙe juna, su bi shawarar likita. Yaron da ya zo da SS ɗa ne cikakke. A tsare shi daga sauro da sanyi, a ba shi ruwa isasshe, a sa shi makaranta, kada ya ji ana gardamar wanda ya jawo shi.

Abin da muka gāda, da abin da muka gadar, ba mu muka zaɓa ba. Amma faɗin gaskiya kafin aure, da riƙon amana bayansa, waɗannan suna hannunmu, a kansu kuwa za a tambaye mu. Allah ya ba mu hikima. Amin.